TUN RAN GINI TUN RAN ZANE: SHIN KYAN GANI DA KYAN HALI DANGIN JUNA NE?

Gabatarwa

Akwai wata kalma guda a bakin Bahaushe wadda take ɗauke da kaya biyu a kai, ba ta kuwa taɓa kokawa da nauyinsu ba. Kalmar nan ita ce "kyau". Da ita muke yabon tukunyar da ta fito daga wuta babu tsaga, da ita kuma muke yabon halin yaron da ya tsinci kuɗi a hanya ya mayar wa mai su. Idan mutum ya yi abin kirki mu ce ya kyauta, idan ya ba da abu ba don a biya shi ba mu ce ya yi kyauta. Haka kishiyarta "muni" take, domin mummunar fuska da mummunan hali duk da baki ɗaya muke kiransu. Tambayar da muke son mu tattauna da mai karatu a wannan fitowa ita ce, shin harshen namu gaskiya ya faɗa da ya haɗa waɗannan abubuwa biyu a kalma ɗaya, ko kuwa ƙarancin kalmomi ne ya tilasta masa? Wato dai, idon da ya koyi rarrabe miƙaƙƙen layi da karkatacce, akwai wani taimako da yake yi wa zuciya wajen rarrabe adalci da zalunci?

Abin da ya tayar da wannan magana shi ne darasin zane-zane da ake koya wa yaranmu a firamare da ƙaramar sakandare. Malami ya tsaya gaban allo ya jera musu ginshiƙan da aka ce duk wani zane na duniya a kansu yake tsaye: ɗigo, da layi, da sarari, da launi, da siffa, da santsi ko kaushi, da haske da inuwa. Yaro ya kwafa, ya haddace domin jarrabawa, ya tashi da zaton cewa wannan wani ilmi ne da jirgi ya kawo daga Turai. An tashi daga makaranta sai ya ratsa ta gonar ubansa, ya shiga zauren da kakansa ya gina, ya sha ruwa a randar uwarsa, bai kuwa san cewa dukkan abin da ya kwafa ɗazu ga shi nan shimfiɗe a gabansa ba.

Saboda haka gona za mu nufa neman amsa, a ƙasar nan da ke arewa da birnin Kano, daga Ungogo zuwa Dawakin Tofa da Bichi, daga Gezawa da Minjibir zuwa Ɗambatta da Makoɗa, inda gida ke hangen gida, gona kuma ke jingine da gona. Masana labarin ƙasa sun daɗe da lura da wannan yanki. Michael Mortimore, Baturen Ingila da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya kuma a Jami'ar Bayero ta Kano, ya fara nazarinsa tun shekarun 1960, ya ci gaba a ƙauyuka irin su Tumbau ta ƙasar Gezawa har cikin shekarun 1990. Abin da ya ba shi sha'awa shi ne yadda jama'a masu yawan gaske suke noma ƙasa ɗaya kowace shekara ba hutu, amma ba ta mutu ba, saboda takin da ake kai mata da kuma itatuwan da ake rainonsu a cikinta kamar dabbar gida. A wurin da babu saura, babu daji, kowane taku na ƙasa da mai shi. A irin wannan wuri ne layi yake da nauyi, domin kuwa kaucewar taƙi ɗaya tana iya raba zumuncin shekara hamsin.

Ɗigo

Mu fara da mafi ƙanƙanta. A shekarar 1926 wani mai zane ɗan ƙasar Rasha, Kandinsky, wanda yake koyarwa a Jamus a lokacin, ya wallafa littafi sukutum a kan ɗigo da layi, inda ya nuna cewa layi shi ne sawun da ɗigo ya bari da ya yi tafiya. Kusan shekara dubu kafin shi, a birnin Bagadaza, waziri Ibn Muƙla, wanda ya rasu a shekarar 940, ya riga ya mai da ɗigon alƙalami ma'aunin rubutun Larabci, ta yadda da ɗigo ake auna tsawon alif, da alif kuma ake auna sauran haruffa.

Manomin Bichi bai karanta ko ɗayansu ba, amma a dubi abin da yake yi ranar da ruwan shuka ya sauka. Yana tafe da sungumi yana sara, na bayansa yana zuba iri yana rufewa da ƙafa. Kowane rami ɗigo ne. Bayan 'yan kwanaki gero ya tsiro, sai ɗige-ɗigen nan su haɗu su zama koren layi daga wannan iyaka zuwa waccan. A ranar nan ce aikin kowa yake tonuwa. Wanda ya yi sara cikin natsuwa sai a ga tazararsa daidai wa daida. Wanda ya yi don a sallame shi ya tafi kuwa, nan ya cushe, can ya yi giɓi, ƙasar da ta rufa masa asiri ita ce kuma ta tona shi kafin mako ya zagayo.

Almajiri ma ya san nauyin ɗigo. A irin rubutun da muke karatu da shi a makarantar allo, fa da ƙaf ɗigo ɗai-ɗai gare su, sai dai na fa a ƙasa yake, na ƙaf kuma a sama. Idan hannu ya kauce, kalma ta sauya, ma'ana ta bi ta. Ashe ke nan abin da ɗigo ke koyarwa shi ne babu ƙaramin abu a hannun mai aiki, kuma abin da aka binne a ɓoye a sarari yake tsirowa.

Layi

A nan ne maganarmu ta fi yawa, domin ƙasar da muke magana a kanta da layi aka saƙa ta. Duk wanda ya hau tudu da damina ya duba, zai ga kunyoyi jere kamar zaren saƙa a masaƙar Minjibir, ga gyaɗa ko wake sun bi tsawon kunya, ga hatsi an gitta musu shi a irin shukar nan da manoma ke kira gicci. Mai huɗa da shanu ya san cewa kunyar farko ita ce uwar sauran. Idan ta miƙe duk gonar ta miƙe, idan ta karkace kuwa, kowace kunya da ta biyo bayanta sai ta gaji karkatar. Kunyar gona da kunyar ido a rubuce ɗaya suke, a baki ne kurum amonsu ya bambanta, kuma ba mu ga laifin wanda ya ce akwai zumunci a tsakaninsu ba.

Amma layin da ya fi kowane muhimmanci shi ne wanda ba a nomawa, wato iyaka. Wani ya kafa ta da gamba, wani da lalle, wani da bini-da-zugu, wani kuwa 'yar siririyar ciyawa ce kawai aka bari tsakanin gona da gona. Kowa a ƙauye ya san yadda ake cin iyaka. Ba a cin ta rana ɗaya. Bana garma ta ɗan lashi rabin kunya, baɗi a tuge tushen gamba guda a ce shanu ne suka taka, shekara ta uku a sake matsawa. Galibi kuma gonar da ake matsa wa ta wadda mijinta ya rasu ce, ko ta marayu, ko ta wanda ya tafi cin rani ya daɗe. Bayan shekara biyar sai a tarar iyakar da a da take miƙe kamar kibiya ta yi ciki ta lanƙwasa. Mai wucewa, ko baƙo ne, idan ya dube ta sai ya ji wani abu ya tsaya masa a ido. Masu iya magana sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima.

To, a nan muna roƙon mai karatu ya tsaya ya lura. Lanƙwasar nan da ta ɓata wa ido rai ita ce ainihin haƙƙin da aka ci, munin gani da munin aiki sun zama abu guda a wuri guda. Idan magana ta kai gaban mai unguwa ko dagaci, ko ta zarce zuwa gaban alƙali, dattawan da za a kira shaida da layi za su yi magana. Za su ce mun san iyakar nan ta tashi daga gindin kukar can ta miƙe sak zuwa surin can. Sai a ja igiya, igiya kuwa ba ta san ɗan sarki ba, ba ta san maraya ba.

Haka labarin burtali yake. Layi biyu ne na aguwa da magabata suka dasa, suka bar hanya a tsakani domin shanu su wuce zuwa mashaya ba tare da sun taɓa shuka ba. Da gonaki suka yi ta tsukewa saboda rabon gado, sai na dama ya ɗan matso, na hagu ya ɗan matso, har hanyar da garke ke bi ta koma wadda jaki mai mangala ke ratsawa da ƙyar. Ranar da shanu suka faɗa wa gero aka zare sanda da adda, sai a ce rikicin makiyayi da manomi ne. Amma wanda ya san wurin ya san cewa rikicin ya fara ne tun ranar da layi biyun nan suka fara kusantar juna, kowa yana gani, ba wanda ya ce uffan.

Sarari

Masu koyar da zane sun ce wurin da aka bari ba a taɓa ba shi ma yana cikin zanen. Maɗinkin babbar riga ya san haka. Idan ya yi aska takwas a gaban riga, sai ya bar sauran ƙyallen fili domin aikin ya sami wurin fitowa. Da zai cika rigar da zare tun daga wuya har ƙasa, da ido ya rasa inda zai sauka. Mai zayyanar allon sauka da mai saƙar faifai duk da wannan ƙa'ida suke aiki. Manomi ma haka, shi ya sa yake cire wasu tsirrai daga gurbi da hannunsa, alhali shi ya shuka su, domin waɗanda suka rage su sami iska da abinci.

Garuruwanmu na da an gina su da irin wannan sani. An bar tsakar gida, an bar dandali, an bar filin idi da maƙabarta da makiyaya, an bar kududdufin da aka ɗebi ƙasar gini a cikinsa ya zama matattarar ruwan sama. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya rasa mai sha'awar mallakarsa, barin su aka yi da gangan. Yanzu a bi hanyar Katsina ta wajen Dawanau, ko a shiga ƙasar Ungogo inda birni ke haɗiye gonaki, a ga yadda ake yanka fuloti. Ginin wannan ya manne da na wancan, lungu ya tsuke har makara ba ta iya juyawa a cikinsa, hanyar ruwa an ɗora mata shago. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi a watan Agusta, sai ya nemi tsohuwar hanyarsa ya same ta a ɗakin wani.

Darasin sarari shi ne mafi wuya a kan ɗan Adam, wato mutum ya bar abin da yake da ikon ɗauka. Bahaushe ya yi wa mai kasa yin haka suna tun daga gona, ya ce ya wuce gona da iri.

Launi

Idan aka ɗebe fari da baƙi da ja, yawancin sunayen launi a harshenmu daga gona da tsakar gida muka aro su: ruwan ɗorawa, ruwan toka, ruwan goro, ruwan ƙasa, ruwan makuba. Rawaya sunan tsiro ce da ake rini da saiwarta. Jan da ya ɗaukaka fatar akuyar ƙasar Hausa a kasuwannin ƙetare daga karan dafi ake samunsa, shi kuwa dangin dawa ne. Shuɗi kuma daga ganyen baba yake fitowa, kuma a kansa ne arzikin Kano na da ya tsaya. Heinrich Barth, Bajamushen da ya yi tafiya da sunan Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, ya kuma ba da labarin yadda tufafin da aka saƙa aka rina a wannan ƙasa suke kaiwa har Tambutu da Gat da Tarabulus. Ba a birni kaɗai ake wannan aiki ba, garuruwan karkara da yawa suna da karofinsu.

Marini ya san abin da mai gaggawa ba ya so ya ji. Idan aka tsoma zane a rini aka ɗaga, da kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi sannan ya juye shuɗi a gaban ido. Tsomawa ɗaya ba ta isa, sai an tsoma an ɗaga, an tsoma an ɗaga, kafin launi ya kama zare har ciki. Akwai kuma hanyar yaudara, wadda ita ce a shafa shuni a sama a buga ya yi sheƙi a kai kasuwa. A rumfa ba a bambance su, sai a bakin rijiya ranar wanki. Tun da wani kamfani a Jamus ya fara sayar da shuɗin da aka haɗa a ma'aikata a 1897, launi ya yi ta araha a duniya, karofi kuma ya yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, amma tambayar mai saye ba ta sauya ba har gobe: yana zuba ko ba ya zuba?

Harshenmu ya adana wannan duka. Mai arziki mun kira shi mai hannu da shuni. Mai ƙara gishiri a zance kuwa mun ce ya shafa wa labari shuni, wato ya ɗora masa launin da bai kama shi ba. Sai dai kada mu yi saurin cewa fari shi ne alheri, baƙi kuma sharri, don kawai muna da farin ciki da baƙin ciki. Ai muna da farar ƙafa, ba kuwa yabo ba ce, kuma da babbaƙu yaro yake fara karatu kafin ya kai ga farfaru. Launi shi kansa ba shi da hali. Abin da ake tambaya shi ne ko ya kama, ko kuwa shafe ne.

Siffa, Kaushi da Inuwa

Waɗannan za mu taɓa su a taƙaice. Maginan tukwane na Dawakin Tofa ba su zaɓi siffar tulu don sha'awa ba. Cikinsa ya yi faɗi domin ya ɗauki ruwa, wuyansa ya tsuke domin kada ruwan ya fantsama a kan mai ɗauka. Randa ba a toshe mata jiki, domin ta wannan ɗan tsattsafin da take yi ne ruwa ke yin sanyi. Rumbu an ɗora shi a kan duwatsu saboda gara da danshi. Bangon da aka shafe da makuba, da daɓen da mata suka bubbuga suna waƙa, santsinsu shi ne ƙarfinsu. Zanen dagi da magini ya fitar a fuskar zaure kuwa, da tsakar rana kusan ɓacewa yake yi, sai da hantsi ko da la'asar, idan rana ta karkata inuwa ta kwanta a cikin tsagoginsa, sannan yake bayyana. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan, kyan abin da amfaninsa a tare aka haife su.

Inda Maganar Take Da Rauni

Mai karatu mai zurfin tunani zai ce, ai kun zaɓi misalan da suka yi muku daɗi ne. Gaskiyarsa, kuma ba za mu kauce wa tuhumarsa ba. Akwai ƙorafi uku da muka ga suna da ƙarfi.

Na farko, gwaninta ba ta hana mugunta. Mun san kyan ɗan maciji. Wanda ya fi kowa iya ja wa layi a unguwa yana iya zama shi ne mai buga takardar fili ta jabu, ya sayar da fuloti ɗaya ga mutum uku, kuma taswirarsa ta fi ta gaskiyar tsafta. A farkon mulkin Turawa an baza malaman taki a ƙasar Kano suna auna gonaki da sawu domin yanka haraji, kuma daidaiton awon bai sa harajin ya yi wa talaka sauƙi ba. Shi kansa Ibn Muƙla da ya kafa wa rubutu ma'auni, ma'aunin bai fisshe shi daga rigingimun fada ba, sau uku yana riƙe waziranci, a ƙarshe aka yanke masa hannun da yake rubutu da shi.

Na biyu, ana iya cewa zancen kyau zancen mai ƙoshi ne, wanka da gari kuwa ba ya maganin yunwa. Bugu da ƙari, son kyau ya jefa gidaje da yawa cikin wahala. Mun ga uban da ya jinginar da gonar da yake ci da iyalinsa domin ya yi wa 'yarsa jeren da za a yi magana a gari, a da na kwalla da tasoshi, yanzu na kujeru da kabet. Biki ya watse, gona ba ta dawo ba.

Na uku, akwai mutanen kirki da hannunsu bai iya kome ba, kunyarsu a karkace, rubutunsu kamar tafiyar kaza, amma ba su taɓa cin ƙwayar hatsin wani ba. Akwai kuma makaho, wanda bai taɓa ganin layi ko launi ba. Shin za mu ce halinsu ya gaza na mai zayyana?

Tun Ran Gini

Amsarmu tana cikin karin maganar da muka sa a kan wannan maƙala. Magini yana fitar da zanensa ne tun ƙasa tana ɗanya, da yatsa ko da ɗan ƙarfe, har zanen ya zama wani ɓangare na bangon. Idan ya bari ta bushe, sai dai ya shafa fenti. Ashe kyau iri biyu ne. Akwai wanda aka gina tare da abin, wanda ba a iya cire shi sai an rushe abin, kamar miƙewar kunya da wuyan tulu da shuɗin da ya kama zare. Akwai kuma wanda aka ɗora daga baya domin idon mutane, shi ne muke kira kwalliya. Kwalliya ba laifi ba ce, amarya ma da ita ake kai ta. Laifin yana zuwa ne idan aka sa ta ta rufe ɓaraka, har a riƙa yi wa rogo kallon kitse.

Da wannan ma'auni, taswirar mai jabu kwalliya ce, domin layinta a takarda kawai ya miƙe, a ƙasa kuwa ya bi ta kan haƙƙin mutum biyu. Jeren da ya cinye gona shi ma haka, an ƙawata ɗaki an rushe rumbu. Kyan da muke nufi kuwa ba ya bukatar kuɗi. Matar da ba ta da ko kwano biyu masu kama da juna takan tashi da asuba ta share tsakar gidanta, ta bar sawun tsintsiya a jere a kan ƙasa, ta kife ƙorenta a tsare. Ba ta jira ƙoshi ba, kuma wanda ya shiga gidan ya san ya shiga gidan mutum mai daraja kansa.

Makaho kuwa shi ne ma ya warware mana matsalar. A ƙasar Kano an san makafi da sana'ar tufkar igiya, kuma igiyar gwaninsu kaurinta ɗaya ne daga farko har ƙarshe, da yatsa ya auna ta. Da irin wannan igiya ake ja wa iyaka ranar rabon gado. Wannan ya nuna mana cewa asalin abin ba a ido yake ba, a kula yake, wato mutum ya ba abin da ke hannunsa haƙƙinsa, kada ya rage, kada ya zarce. Mai kirkin nan da kunyarsa ta karkace saboda raunin hannu, ai akwai layi ɗaya da bai taɓa bari ya karkace ba, shi ne na tsakaninsa da maƙwabcinsa.

Malamanmu sun daɗe suna fassara zalunci da cewa shi ne ajiye abu ba a muhallinsa ba, adalci kuma ajiye shi a muhallinsa. Idan aka tambayi maɗinki ko magini ko mai zayyana mene ne sirrin aikinsa, da wuya ya faɗi abin da ya wuce haka. A nan ne kyan gani da kyan hali suka haɗa kaka. Ba mu ce wanda ya sami ɗaya ya sami ɗayan ba, domin 'yan uwa ma kowa da gidansa. Abin da muka ce shi ne horon ido yana yin abu biyu. Yana ɗauke wa mutum uzurin cewa bai gani ba, domin mai huɗar da ya iya miƙar da kunya ɗari ba zai ce bai lura garmarsa ta shiga gonar marayu ba. Yana kuma samar wa gari shaidu, domin a garin da kowa ya san yadda miƙaƙƙen layi yake, mai cin iyaka a gaban idon kowa yake cin ta. Saura kuma a sami mai ƙarfin zuciyar da zai faɗi abin da ya gani, wannan kuwa ido ba ya bayar da shi.

Kammalawa

Muna ganin harshenmu bai yi kuskure ba da ya ɗora wa kalmar "kyau" kaya biyu, sai dai ya bar mana aikin tantance wane kyau ake nufi, na ran gini ko na shafe.

Kiranmu ga malaman makarantun karkara shi ne, ranar da aka zo darasin ginshiƙan zane, a rufe littafi na rabin sa'a a fita da yara bayan aji. A nuna musu ɗigo a gurbin shuka, layi a kunya, sarari a burtali, launi a ganyen baba, siffa a tulun da suka ɗauko ruwa da shi da safe. Yaron da ya gane cewa uwarsa da ubansa sun riga littafin sanin waɗannan abubuwa ba zai raina garma ba, kuma ranar da ya girma aka ba shi igiyar awo ko hatimin ofishin filaye, akwai fatan ya tuna yadda iyakar da aka ci take kama.

Mu marubuta kuma maganar ba ta tsallake mu ba. Sana'armu da ɗigo da layi ake yin ta, a kan farar takarda da ya kamata mu san inda za mu bar mata sarari. Jarrabawar da ke gabanmu kullum ita ce ta marini, wato mu yi haƙuri mu tsoma labari har ya kama, ko mu shafa masa shuni mu garzaya Kasuwar Sabon Gari da shi. Mai karatu zai kai shi bakin rijiya ko ba daɗe ko ba jima, a can ne za a san wanda ya zuba.